Jimina da Itatuwan Arzika

Kai, Sani, kashe injin nan tukuna, kunnuwana sun gaji. Tun ɗazu nike jin ku kuna cewa niƙa ba sana'a ba ce, wai a zuba man gazuwal, a ja igiya, a miƙa hannu mata su biya. To ku matso nan. Ni Illa, kafin in taɓa injin gazuwal na yi shekaru ina niƙa da iska, a garinmu can bakin fadamar Maggiya, gaba da Tama kaɗan. Awo, iska, wagga da ke ɗauke muku hula. Ku yi dariyarku, mu ma an yi mana. Mutanen Tamaske sun taɓa cika kamiyo, babbar motar kaya, sunka zo musamman don su yi ta, sunka sha ruwa sunka koma.

Wanda ya gina injin iskar maigidana ne, Nomau maƙeri. Ya yi shekaru a Abijan shina aikin garaji, ya komo gida bayan babban fari, wajen lokacin da soja sunka karɓi mulki. Wasu in sun komo daga kurmi, can ƙasashen bakin teku, rediyo suke kawowa, wasu keke. Shi ƙafafun baya na mataccen kamiyo ya kawo, da bututun ƙarfe, da tsohon tamfol. Matarshi Habsu ta leƙa kayan ta tambaye shi ina sauran motar. Ya ce mata a hanya ya ga wani abu mai fiffike bisa rijiya shina jawo ruwa, ba jaki ba raƙumi, kuma abin da ya iya jan guga zai iya juya dutse. Ya ce daga bana matan garin ga sun huta da daka.

Shi bisa tudu ya so ya gina, can saman duwatsu inda iska ba ta hutawa. Mata sunka aiko mishi da cewa in sai sun hau wancan dutse da ƙwaryar hatsi a ka, su sauko da gari, to ya bar musu turminsu, sun gode. Maigari kuma ya ce shi yana son abin inda zai riƙa hango shi daga ƙofar gida. Haka anka sauko da shi ƙasa, kusa da rijiya, daidai inda gari ya ƙare gonakin fadama sunka fara. Lokacin nan fadamar fili ce fetal, in ka tsaya kana ganin raƙumi tun shina kamar kaza. Iskar gabas na tahowa ba abin da ke tare ta, don haka Nomau bai yi gardama sosai ba.

Bari in zana muku shi a ƙasa, ku kau da ƙafafunku. Gini ne na jan dutse da laka, zagayayye kamar rumbu, sai dai ya fi rumbu tsawo, shina tsukewa a sama. Can ƙoli anka kwantar da cibiyar ƙafar mota, kan injin ya zauna bisanta don shi riƙa juyawa ko'ina. A gaban kan akwai hannuwa shida na bututu, kowane da ƙyallen tamfol mai kusurwa uku, su ne fiffike. A bayanshi akwai wutsiya, ƙofar kamiyo ce anka daddage, har da ragowar rubutu a jiki. Iska in ta bugi wutsiya sai ta juyo da fuskar injin wajenta. Tsakanin fiffike da wutsiya akwai akwatin haƙoran nan na ƙafafun bayan mota. Nomau ya toshe gefe guda da walda a Madawa, ya juyar da bakin ƙasa, don juyin da ya shigo a kwance shi sauka a tsaye. Daga nan doguwar sandar ƙarfe ta bi cikin ginin har ƙasa, inda duwatsu biyu suke, uwa a kwance ba ta motsi, ɗiya a bisanta tana zagaye. Mazurari daro ne anka huda. Birki igiyar rama ce da fatar sa, naɗe a jikin sandar. Yara sunka dube shi, dogon wuya, fiffike ba tashi, sunka sa mishi suna Jimina, sunan kuma ya zauna.

Ranar buɗewa maigari ya sa anka yanka rago, makaɗa sunka zo, mata sunka jera ƙore tun daga bakin ƙofa har rijiya. Iskar da ta yi wata tana hana mu aiki, ran nan ko ganye bai motsa ba. Munka jira har rana ta take. Makaɗa sunka gaji sunka zauna bisa gangunansu. Sai ga Arzika, taubashin Nomau, ɗan ƙanwar ubanshi. Kun san taubasai, kowa na cewa ɗan'uwanshi bawanshi ne, su zagi juna gaban kowa, ba fushi ba ƙara. Arzika ya keto taron da mafici a hannu, ya tsaya ƙarƙashin ginin, ya ɗaga kai ya shiga yi ma fiffiken fifita da gaske, har da zufa. Ya roƙi jama'a kowa shi taimaka da hurawa. Tsofaffi har da hawaye don dariya.

Da ya gaji ya ce, "Bawana, tashi mu tafi gida. Tuwon turmi za ka ci yau kamar kowa."

Nomau ya miƙe, fuska ba annuri. Ya ce, "Na rantse da Allah, tuwo ko fura ko kunu, ba ni ƙara sa shi a baki in ba Jimina ta niƙa garin ba."

Liman ya ce subhanallahi, ya ce a janye. Nomau ya ƙi. Ku riƙe wagga rantsuwa, don ita ta ja mu duk shekarun da sunka biyo. Mutumin Adar da ba shi shan fura sai iska ta ga dama, kun san ya ɗauko ma kainai aiki. Kuma garin hatsi ba abin ajiya ba ne, in ya jima sai shi yi ɗaci. Ran da ba iska sai Habsu ta dafa mishi wake da albasa. Arzika kan ce a ɗora shi bayan fiffiken bayan ya ci, aikin zai tafi.

Aikina na farko wurinshi kallon tsumma ne. Ina da mata, ina da gemu, Nomau ya ɗaure tsumma a kan gora ya ce in zauna in dube shi. In ya motsa in lura daga ina, in ya miƙe sosai in buga ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bakin ƙofa. Surukaina na Sabon Gida sunka aiko tambayar wace sana'a nike koyo, ɗan aiken ya koma ya ce musu ya same ni ina gadin tsumma. Amma a nan na koyi iska. Akwai wadda ke ɗaga tsumman ta sake, wannan maƙaryaciya ce, in ka buga mata ƙarfe mata za su zo su zage ka su koma. Akwai ta hantsi, mai nauyi, tana riƙe shi a miƙe, ita ce abokiyar aiki. Akwai ta gaban hadari, wadda in ka ga alamarta ba ƙarfe za ka buga ba, sama za ka hau da gudu ka naɗe tamfol a jikin hannuwa kafin ta yage shi, ko ta kwashe ka da shi.

In ƙarfen ya yi ƙara kuwa, gari duka sai shi tashi. Mace na ɗaurin guga sai ta saki. An taɓa yin suna a gidan maigari, ana tsakiyar aski na buga, mata sunka watse da ƙorensu, wanzami ya ɗaga kai ya ga daga shi sai jariri.

Ku injinku gudu ɗaya gare shi tun safe har dare. Namu kowane numfashi da nashi gudun. Hannun dama na kan bakin mazurari, na hagu na kan itacen da ke ɗaga ɗiyar dutse ko sauke ta. Iska ta ƙaru, ka ƙara hatsi. Ta rage, ka rage, ka ɗan ɗaga dutse, in ba haka ba shi cije shi tsaya. In ka bar dutse ya yi gudu ba kome a ciki, za ka ji shina kuka siriri, sai warin ƙuna, garin da ya biyo baya duk tsakuwa. Nomau ba shi duban gari, murza shi yake tsakanin yatsu, in ya ji ɗumi sai shi buge mini hannu. Hatsin da anka surfe anka wanke, in bai bushe ba, manne duwatsu yake kamar danƙo, kuma ba macen da ta taɓa yarda nata bai bushe ba. Sai an ɗaga ɗiya da sanduna a kankare. In dutse ya yi santsi kuma sai koɗa, ka zauna da guduma mai baki kana sara layi layi daga cibiya zuwa gefe, tsakuwa na shiga ido. Wata tsohuwa ta taɓa ɓoye busasshen tonka ƙarƙashin hatsinta don kada a ce mata a'a. Unguwa guda ta sha kunu mai yaji har anka fara sabawa. Ladanmu ludayi ne daga kowace ƙwarya, kuma a kan girman ludayin ma an sha faɗa.

Ba mu daɗe da kama hannu ba sai ga mutanen furoje, masu aikin raya karkara, da wani Anasara da gardin daji. Anka tara mu gaban gidan maigari. Sunka ce abin da ke kashe gonakinmu iska ce, tana kwashe ƙasa, tana yanke shuka da rairayi, don haka za a dasa dogon yaro layi layi a gicciye cikin fadama don a tare ta. Nomau ya ɗaga hannu ya tambaya, in an tare ta ina za ta. Gardi ya ce sama za ta bi. Wanda duk ya yi dashe da ban ruwa za a ba shi mai da alkama, don haka gari duka ya fita, har da ni. Da safe ina roƙon Allah shi kawo iska, da marece ina ɗaukar ruwa ina shayar da abin da zai hana ta zowa. Nomau da kanshi ya ba da aron tanonshi, babbar gangar ƙarfe ta ɗiban ruwa. Ya dubi 'yan tsirran, ba su kai kamu ɗaya ba, ya ce mini in karɓi man kawai, awakin garin ga ba su taɓa barin ganye ya kwana ba.

Da ya san wanda za a ba gadi, da bai ba da tanon ba. Arzika anka ɗauka. Anka ba shi hula da sanda, ya hau jakinshi, ya zama bala'i ga awaki. Ya san akuyar kowa da fuska. Mutumin da bai taɓa riƙe aiki ya kai damina ba, sai ga shi cikin itatuwa tun asuba, shina kewaye su da ƙaya, shina kiransu ɗiyanshi. Layin ƙarshe, wanda ya fi kusa da mu, ya bi ta gabashin gonar Arzika, gonar kuma ta miƙo har kusa da gindin Jimina. Kullum da safe sai shi biyo ta ƙofarmu shi tsayar da jaki shi ce ɗiyanshi suna gaida bawan gidansu, jiya sun kai gwiwa. Bayan an jima sun kai ƙugu. Wata shekara ya zo ya ce yanzu in shina kan jaki ma sai ya ɗaga kai.

Da tsumma ya fara kasala, Nomau bai je wurin kowa ƙara ba. Ya hau sama da gora ya auna, ya sauko ya ce tunda gardi ya ce sama iska za ta bi, to sama za mu bi ta. Anka kira gayya. Mutanen da sunka shayar da itatuwa su ne sunka kwaso duwatsu, ba wanda ya ga wani abin mamaki a ciki. Sauke kan injin shi ne tashin hankali. Sai mun kafa itacen giginya, mu rataya igiya, wani Buzu shi zo da raƙumin da ke ja mishi ruwa, shi riƙa ja da baya sannu sannu muna ihu. Magini shi ƙara gini, mu ƙara bututu a sanda, raƙumi shi mai da kan. Duk kwanakin nan maigida na kan wake.

Munka samu iska, shekara ta zagayo, itatuwa sunka taddo mu, munka ƙara. Haka munka yi ta yi. Kowane ƙari da launin dutsenshi, don ba rami ɗaya ake ɗebowa ba, har ana iya duban ginin a ce wanga jan shekarar kaza ne, wanga baƙin shekarar da wance ta haihu. Sandar ta yi gaɓoɓi da yawa, in tana juyawa sai ta riƙa rawa tana dukan bango. Shafa kitse a haƙora, da dā aikin ɗan lokaci ne, ya koma sai na yi sallama da iyali kafin in hau. Wani baƙo ya taɓa saukowa daga mota ya yi alwala a rijiya, ya tuɓe takalmi a ƙofarmu ya shigo, ya same ni fari fat da gari, ya tambaye ni ina sahu.

Sai muguwar shekara ta zo, can tsakiyar shekarun tamanin. Ruwa ya yi ɗan yayyafi ya ɗauke, hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Maza sunka watse, wasu Najeriya, wasu kurmi. Shanu sunka mutu a bakin rijiya. Iska kam akwai ta a sama, fiffike na neman juyawa, ba ko tsaba ɗaya da za a zuba, sai munka ɗaure birki. Wake ma ya ƙare. Da taimako ya iso daga garin Buza, sai ya zo a niƙe, garin masara rawaya cikin buhu. Habsu ta tuƙa ta kai ma Nomau. Ya buɗe akushi ya tambaye ta wa ya niƙa. Ta ce ita ina ta sani, wani ne can bayan teku. Ya rufe ya tura mata.

Liman ya zo har maƙera ya zauna da shi. Ya ce mishi addini ya buɗe ƙofa, shi yi kaffara shi ci abinci, Allah bai ce kowa shi kashe kainai don dutse ba. Nomau ya saurara da ladabi har ƙarshe, ya ce kaffara ta wanda abinshi ya gaza ce, nashi kuwa bai gaza ba, abin niƙa ne babu. Da liman ya tafi ya ce mini in ɗauko rabon gidanshi in kwance birki.

Munka zuba gari cikin mazurari. Gari ba shi gangarawa kamar tsaba, sai ina tsokana da kara. Dutse na juyawa, gari na shiga gari na fita, wani na tashi ta taga. Mutane na tsaye a ƙofa da yunwa a idonsu suna kallon abin da ke tashin. Ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai ran nan. Habsu ta durƙusa da gashin kaza tana share gefen dutse kada ko kaɗan shi ɓace. Maigida ya ci tuwo a ranar. Abin da ban zata ba, kwana kaɗan sai ga wata da nata rabon, wai ta ji an ce in ya bi ta dutse warin buhu na fita. Wata ta biyo ta. A shekarar da ba a girbe ko damma ba a garinmu, ni da Nomau mun yi aiki sosai, muna mai da gari gari.

Itatuwa kuwa farin bai dame su ba, saiwarsu ta riga ta sami ruwan fadama. Da damina ta komo sunka yi wani irin tashi. Munka kira magini, ya zagaya ginin, ya sa hannunshi har wuyan hannu cikin wata tsaga da ke gefen yamma, ya ce shi da ɗiya ƙanana gare shi, ko dutse ɗaya ba shi ƙarawa. Shi ke nan tsere ya ƙare. Tsumma ya rataye kamar an jiƙa shi. Kurciya ta yi sheƙa cikin akwatin haƙora. Gonakin bayan itatuwa sunka yi hatsin da tsofaffi sunka ce rabonsu da irinshi tun suna samari, rumbuna sunka cika, wani Alhaji ya kawo injin gazuwal irin naku ya kafa a bakin kasuwa. Mata sunka koma can, ban ga laifinsu ba.

Na taɓa hawa na riƙa jan hannuwan da ƙarfina har na samo ma Nomau ɗan tsaki cikin tafi. Ya duba ya ce wanga turmi ne anka sa ma riga, ba shi ci. Gari cike da hatsi, kowane gida ana dama fura, maigidana na zaune da kwanon wake. Cikinshi ya daina karɓa. Wuyanshi ya fito, guduma ta fi ƙarfinshi, in ya tashi sai ya dafa bango. Duk da haka kullum sai ya zo ya zauna gindin gora shina duban tsumma, aikin da ya ba ni ina sabon shiga.

Wata rana da hantsi Habsu ta ce in raka ta cikin fadama. Munka sami Arzika a inuwar ɗiyanshi shina gyaran ƙaya. Ba ta gaishe shi ba ma. Ta ce, "Arzika, wasan ya isa. Ɗan'uwanka ba shi kai kaka." Ya yi dariya ya ce bawan nan tun suna yara taurin kai gare shi, yunwa za ta koya mishi hankali. Munka juyo. Washegari bai biyo ta ƙofarmu da jaki ba, jibi ma haka, abin da bai taɓa faruwa ba tun da anka ba shi hula.

Ranar kasuwar Tama, gari ya yi shiru, ina cikin gini ina korar kurciya sai na ji sara. Na leƙa ta taga. Arzika ne da gatari, tsakar rana, riga a ƙugu, shina sarar itatuwan da ke daidai fuskar Jimina. Itatuwa masu kaurin cinya, layi biyu, ya buɗe ƙofa mai faɗin da kamiyo biyu za su wuce. Bai gama jan rassan ba na ga tsumma ya ɗaga kai. Na buga ƙarfe kamar mahaukaci, ba wanda ya zo sai Habsu da ƙwarya ɗaya.

Gardi ya iso daga Buza a fusace. A wancan zamani ko reshe ka karya sai ka gane kurenka. Ya tara mu gaban kututturan ya tambayi mai gadi wa ya yi wannan. Arzika ya cire hula ya ce awaki. Gardi ya nuna mishi bakin gatari a jikin kututture, Arzika ya ce awaki ne. Anka tambayi maigari, ya ce lalle awakin bana sun yi ƙarfi. Liman dai ya ce shi ba shi nan, ya tafi kasuwa. Gardi ya ce to a kawo mishi akuyar. Arzika ya tafi gida ya jawo tsohon bunsurunshi, shi ke nan gare shi. Gardi ya dubi bunsuru, bunsuru ya dube shi. Ya sa anka ɗaure shi a bayan mota, ya karɓe hula da sanda, ya ce daga yau ba gadi. Da bunsuru da aikin, ba wanda ya komo.

Iskar da ke matsowa ta wannan ƙofa ta fi ta dā ƙarfi, sai da munka naɗe rabin tamfol. Nomau ya sha fura, ya ci tuwo, kumatu sunka fara komowa. Bai yi ma Arzika godiya ba, ya dai aika mishi cewa gadin da ya gagari bawa dama ba a yi mamaki ba.

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya shuka. Hatsi ya fito kamar yatsa, sai iskar gaban hadari ta taso. Duk fadama itatuwa sun tare ta, sai ta tattaru ta bi ta ƙofa ɗaya, da rairayi a bakinta, ta bi ta kan gonar Arzika, ta yanke mishi shuka. Ya sake shuka, ta sake yankewa. Bai faɗa ma kowa ba, mu kuma daga ƙasa ba mu lura ba, don gefen da ke kusa da mu akwai shinge.

Ran nan maigida ya ce ƙarfinshi ya komo, shi zai hau shi shafa kitse da kanshi. Na bi bayanshi da gwangwani. Da munka kai ƙoli ya tsaya shina huci, ya dubi gabas. Fadama duka kore shar, sai jan fili guda miƙe kamar hanyar mota, daga ƙofar itatuwa har gindin gininmu. Can tsakiya ga mutum ɗaya duƙe shina tona ƙasa da hannu, shina neman abin da ya rage. Nomau ya daɗe shina kallo. Bai buɗe gwangwanin ba. Ya ce mini, "Illa, sauka ka ɗaure birki, ka miƙo mini kilen kwance ƙusa."

Munka kwance hannuwan ɗaya bayan ɗaya, munka sauke da igiya. Munka ɗauke su a kafaɗa munka ratsa gonar, munka kakkafa su a ƙofar itatuwan, munka ɗaure tamfol a tsakani, munka cike sauran da karan dawa da ƙaya. Arzika ya riga ya koma gida, bai ga aikin ba. Daga nan maigida ya wuce kai tsaye gidan Arzika, ni ina biye, ko sallama bai yi ba ya zauna bisa tabarma. Ana jin matar gidan tana kirɓa fura a ciki. Ya ce a kawo ma ubangiji abin sha, ya zo duba bayinshi.

Anka kawo ƙwarya. Ya kama ludayi. Arzika ya riƙe mishi hannu.

"Wagga ta turmi ce fa, Nomau."

Tun da nike, ran nan na fara jin ya kira shi da sunanshi.

"Kurma ne ni? Ina ji ana dakanta." Ya janye hannunshi ya yi bisimilla ya sha, ya ƙara, har ya ɗaga ƙwaryar ya kafa kai. Ya share baki ya ce, "Gobe in je wurin liman. Kai kuma tashi ka ɗauko iri, ƙasa na da sauran danshi."

Arzika ya juya fuska wajen bango, ya daɗe shina gyaran rawanin da ba abin da ya same shi. Sannan ya ɗaga murya ya ce ma matarshi ta ɓoye sauran furar, bawan nan zai cinye gidan.

Munka fita mu uku. Ni na riƙe ƙwaryar iri ina bi ina rufewa da ƙafa, su biyu suna gaba da sungumi, suna zagin juna har ƙarshen gona.